DAGA ANKARA ZUWA KANO: JIRGIN SAMA, JIRGIN ƘASA KO SHATAR MOTA?

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mu mazauna Nima da Maamobi mun san nauyin wannan magana, domin da wuya a sami gida a zangonninmu wanda ba shi da dangi a Kano ko Katsina ko Sakkwato. Ranar da saƙon biki ko na rasuwa ya iso, tambayar farko ita ce: ta wace hanya za a tafi?

Wannan tambaya ta faɗo gidanmu a Disambar 2023, lokacin da kawunmu da ke Fagge zai aurar da 'yarsa. Mu shida ne masu tafiya, har da mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 70, tana kuma fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Hutun makaranta gajere ne, kuɗin kuwa karo-karo aka yi. Bayan sallar isha'i muka zauna a tsakar gida a Maamobi, kowa ya kawo nasa ra'ayi.

Yayanmu, da yake ɗan kasuwa ne, shatar mota ya zaɓa. Hujjarsa ita ce kaya: atamfofi da goro da tsarabar amarya, waɗanda jirgin sama zai auna su kilo-kilo. Gaskiyarsa ne. Bugu da ƙari, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba har kwana 90, kuma tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Ghana ta bi sahu a 1974, direba ba ya canja hannu a hanya.

Amma da muka ɗauki alli muka yi lissafi sai abin ya sauya. Daga Ankara zuwa Legas kusan kilomita 460 ne, daga Legas zuwa Kano kuma kimanin 1,000. Kan iyaka uku ne a tsakani: Aflao, da Hilakonji, da Seme. A kowanne sai an sauka an duba fasfo da katin allurar shawara, motar ma sai an nuna takardunta, har da katin inshora na ECOWAS. Kuɗi iri uku za a riƙe, sidi da sefa da naira. Mai motar da muka tuntuɓa ya ce ba zai ba da ita ba sai da direbansa, kuma mai da abinci da makwancin direban duk a kanmu suke, har kwanakin da motar za ta yi a ajiye a Kano ana biki. Araha ba ta ado. Kada kuma a manta Nijeriya ta taɓa rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, abin da ya jawo wa 'yan kasuwarmu asara mai yawa.

Ɗan yayanmu, ɗalibin sakandare, jirgin ƙasa ya nace a hau, don ya ga hotonsa a waya. Sai muka yi masa ɗan darasi. Babu jirgin ƙasa na fasinja da ya haɗa Ghana da Togo, balle Nijeriya. A cikin Nijeriyar ma sabon layin guntu-guntu ne. Na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, an buɗe shi a Yulin 2016. Na Legas zuwa Ibadan, mai kilomita 157, an buɗe shi a Yunin 2021. Tsakanin Ibadan da Abuja dole a koma mota. Ga kuma batun tsaro: ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka kai wa jirgin Kaduna hari kusa da Katari, suka kashe wasu, suka yi garkuwa da mutum fiye da 60, jirgin bai koma aiki ba sai ranar 5 ga Disambar shekarar.

Saura jirgin sama, wanda ƙanwarmu ta goyi baya. Daga Ankara zuwa Legas kamar awa ɗaya ne, daga can zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano kamar awa ɗaya da rabi. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: tikitin mutum shida, zuwa da dawowa, ya fi ƙarfin abin da muka tara.

Mahaifiyarmu ce ta raba gardamar. Ta dube mu ta ce, "Ticha, kai da kake koyar da tarihi, kakanka da wace mota ya kai goro Kano?" Muka ce, "Mma, ai jirgin ruwa ya shiga zuwa Ikko, sannan ya hau jirgin ƙasa." Ta ce, "To, ashe ba a ɗaure kai da hanya ɗaya."

Maganarta tana kan tarihi. A da fatake kan yi watanni da jakuna tsakanin Kano da Salaga a ƙasar Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 sai suka watsu zuwa Karachi da Kumasi da Ankara. Da dogo ya isa Kano a 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga nan a loda shi a tarago. Magabatanmu suna duba kaya da lokaci da lafiyar hanya kafin su zaɓi abin hawa.

Haka muka yi. Yayanmu da samari biyu suka riga mu da kwana huɗu a motar safa tare da kaya. Mu uku da Mma muka bi jirgin sama. A nan muka yi kuskure guda, wanda muke so masu karatu su kiyaye. Mun sayi tikiti biyu daga kamfani biyu, muka bar tazarar awa biyu kacal a Legas. Jirgin farko ya makara, ga layin shige da fice, ga shi kuma ɓangaren jiragen cikin gida yana wani gini daban. Na Kano ya tashi ya bar mu, muka kwana a masauki da tsohuwa, muka ƙara kuɗi. A tuna kuma agogon Nijeriya yana gaban namu da awa ɗaya.

A dawowa samarin suka bi mota ta Zariya zuwa Kaduna, suka hau jirgin ƙasa da safe daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, yaron ya cika burinsa.

Abin da muka koya shi ne: tsoho da mara lafiya da mai gajeren hutu, jirgin sama ya fi musu, amma a bar tazara mai yawa a Legas. Mai kaya ya bi mota, ya yi tafiyarsa da rana. Shata ba ta da riba sai mutane sun cika motar kuma ba za a daɗe ba. Jirgin ƙasa kuwa a fara tambayar 'yan'uwa na can ko yana aiki a makon.

Mma ta ga ƙaninta bayan shekara 19, ta sa wa amarya albarka da bakinta. Allah ya ƙara danƙon zumunci, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, amin.