Sayen Furosesar Manyan Kwamfutoci: Ba Farashi Kaɗai Ake Dubawa Ba

Duk ma'aikacin da ya ga albashinsa ya shiga banki a ƙarshen wata, da duk ɗalibin da ya duba sakamakon jarrabawarsa ta intanet, ya ci moriyar wata babbar kwamfuta da ke aiki ba dare ba rana a wani ɗaki mai sanyi wanda bai taɓa shiga ba. Irin wannan kwamfuta ita ce masana suke kira saba, wasu kuma su ce uwar garke, saboda ita ce ke riƙe da bayanai tana rarraba wa ƙananan kwamfutoci. A cikinta akwai wani ɗan falle wanda bai fi tafin hannu ba, ana kiransa furosesa, kuma shi ne ke yin dukan lissafin. Kuɗin wannan ɗan falle kaɗai yakan kai dala dubu goma ko fiye, don haka zaɓensa ba abin da za a yi da garaje ba ne, musamman idan da dukiyar jama'a za a saya.

Kamfanoni biyu na ƙasar Amurka su ne suka daɗe suna gasa a wannan kasuwa. Kamfanin Intel ya fito da samfurinsa mai suna Xeon cikin shekarar 1998, shi kuwa kamfanin AMD ya fito da Opteron cikin 2003. AMD ya yi tashe na 'yan shekaru, sa'an nan ya ja baya ƙwarai, har kasuwar ta kusa zama ta Intel shi kaɗai. Cikin 2017 ne AMD ya dawo da sabon samfuri mai suna EPYC, kuma ya zuwa ƙarshen 2024 ya riga ya kama kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na cinikin da ke tsakanin kamfanonin biyu.

Darasin shekarar 2019

Kafin a gane yadda ake kwatanta su, ya kamata a san cewa kowace furosesa tana da cibiyoyin lissafi a cikinta. Ana iya ɗaukar kowace cibiya kamar akawu guda a ofis, watau idan akawuna sun yi yawa za a gama fayiloli masu yawa a lokaci ɗaya.

Cikin 2019 babbar furosesar Intel a jerinsa na yau da kullum, watau Xeon Platinum 8280, tana da cibiyoyi 28, an kuma sa mata farashin dala 10,009. A watan Agusta na wannan shekara AMD ya fito da EPYC 7742 mai cibiyoyi 64 a kan dala 6,950. Idan aka raba kuɗin, kowace cibiya ta Intel ta tashi a kan dala 357, ta AMD kuwa dala 109. Abin da ya ba AMD damar karya farashi haka shi ne dabarar da ya yi ta ƙera ƙananan gutsattsari a masana'antar TSMC ta Taiwan sa'an nan ya harhaɗa su wuri guda, maimakon ƙera babban falle ɗaya wanda aibi kaɗan zai sa a jefar da shi duka.

Gasar ba ta tsaya nan ba. Cikin 2024 Intel ya fito da Xeon 6980P mai cibiyoyi 128, AMD kuma ya fito da EPYC 9965 mai cibiyoyi 192. Ba a yi wata biyar ba sai Intel ya rage farashin nasa daga dala 17,800 zuwa dala 12,460. Wannan ya nuna cewa farashin da ke cikin takardar kamfani ba abin dogaro ba ne, kuma manyan masu saye ba safai suke biyansa yadda yake ba.

Yawan akawuna ba shi ne aiki ba

To, amma mai saye da ya tsaya ga ƙirga cibiyoyi kaɗai zai iya yin kuskure. Ofis mai akawu ɗari wanda masinjansa biyu ne, rabin akawunan zaman jira za su yi. Haka abin yake ga furosesa, domin sai an kawo mata bayanai daga ma'ajiya kafin ta yi lissafi. Waccan ta Intel ta 2019 hanyoyi shida take da su zuwa ma'ajiya, ta AMD kuwa takwas, manyan na 2024 kuma duk sun kai goma sha biyu.

Har wa yau akwai ayyukan da ba su rabuwa. Wani aikin dole a bi shi daki-daki, ba a fara na biyu sai an gama na farko, kuma a nan akawu ɗaya mai zafin nama ya fi goma masu sanyin jiki. Saboda haka ne kamfanonin biyu suke sayar da wasu furosesoci masu cibiyoyi kaɗan amma masu tsananin sauri.

Don kada a yi cinikin biri a sama, tun cikin 1988 aka kafa wasu ƙungiyoyi biyu, SPEC da TPC, waɗanda suke tsara gwaje-gwajen bai ɗaya, suna kuma buga sakamakon kowa ya gani. Gwajin TPC ma yakan nuna abin da kowane aiki ya ci na kuɗi. Duk da haka kamfanoni ne da kansu suke yin yawancin gwajin, kowa kuma yakan gyara na'urarsa ta yi fice. Gwajin da ya fi kowane shi ne a ɗora wa na'urar ainihin aikin da za a saye ta dominsa, ko lissafin albashi ne ko rajistar ɗalibai, a ga yadda za ta yi.

Kuɗin da ke biyo baya

Babban abin da ke ɓoye shi ne kuɗin lasisin manhaja. Kamfanin Microsoft, tun daga Windows Server 2016, bisa yawan cibiyoyi yake karɓar kuɗi. Kamfanin VMware kuma cikin 2020 ya ƙayyade cewa lasisi ɗaya ba zai wuce cibiyoyi 32 ba, watau a wancan lokaci mai furosesa ta cibiyoyi 64 sai ya biya biyu. Ma'aikatar da ta yi murnar samun cibiyoyi masu yawa da araha za ta iya tarar da cewa kuɗin lasisi ya cinye rangwamen, har ya ɗara. Ga mai amfani da manhajar Linux, wadda ake samu kyauta, lissafin ya sha bamban.

Sai kuma wutar lantarki. Manyan furosesocin nan biyu na 2024 kowace an ƙiyasta mata wat 500. Idan ɗaya ta shekara tana aiki da cikakken ƙarfinta za ta sha yunit 4,380. A kan farashin naira 225 kowane yunit, wanda aka sa wa masu rukunin A a Nijeriya cikin Afrilu 2024, wannan ya kama naira 985,500 a shekara, ban da sauran kayan cikin sabar, ban da na'urar sanyaya ɗaki, ban da man janareta. Amma kuma ba a nan hukunci yake ƙarewa ba, domin sabuwar saba guda tana iya ɗaukar aikin tsofaffi da dama, wutar da za a sha gaba ɗaya ta ragu. Abin aunawa shi ne aikin da aka samu daga kowane yunit.

Mai gasa na uku

Akwai kuma furosesocin da aka gina bisa tsarin kamfanin Arm na Ingila, irin tsarin da ke cikin wayoyin hannu, wanda aka sani da tsimin wuta. Kamfanin Amazon ya fara ƙera nasa mai suna Graviton cikin 2018, amma ba ya sayarwa, haya kawai yake bayarwa ta intanet. Kamfanin Ampere kuwa yana sayar da nasa. Sharaɗin kawai shi ne a tabbata manhajar ofis za ta yi aiki a kansu, domin wadda aka rubuta don Intel da AMD ba lalle ta tashi ba sai an sake gina ta.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta bukaci a yi gasa a fili, a kuma samu kaya daidai da kuɗin da aka biya. Jami'in da aka ɗora wa wannan nauyi ya kamata ya fara rubuta irin aikin da sabar za ta yi, ya nemi 'yan kwangila su gwada kayansu a kan wannan aiki, sa'an nan ya tara kuɗin saye da na lasisi da na wuta da na gyara na tsawon shekarun da za a yi ana amfani da ita. Wanda jimlarsa ta fi sauƙi shi ne mai araha, ko da kuwa takardarsa ta farko ita ce ta fi tsada. Hausawa dai sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.