Facin Jijiyar Jini a Jikin Mai Ciwon Suga

Idan kitse ya toshe babbar jijiyar jini a wuya ko a matsematsi, likitan tiyata yakan tsaga ta ya kankare abin da ya daskare a ciki. In ya ɗinke tsagar haka nan, hanyar jini tana iya ƙuntata. Shi ya sa yake yi mata faci, kamar yadda tela ke ƙara ƙyalle a rigar da ta matse.

Facin da aka fi amfani da shi iri uku ne. Akwai jijiyar da ake yankowa daga ƙafar majinyacin kansa. Akwai na roba irin su Dacron, wanda likita Michael DeBakey ya shahara da shi a Amurka a shekarun 1950. Sai kuma tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya, wanda ake jiƙawa a sinadari don kada jiki ya ƙi shi.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Faci ba ya zama lafiya sai ƙwayoyin halittar jiki sun bi shi sun rufe, sun mai da shi nasu. To, suga idan ya yi yawa a jini, yana lalata shimfiɗar cikin jijiya, ya kashe wa fararen ƙwayoyin jini ƙarfi, ya hana rauni warkewa da wuri. Ƙwayar cuta kuwa, da zarar ta manne wa roba, magani da ƙyar yake kai mata, har wani lokaci sai an sake tiyata an cire facin. Don haka inda ake tsoron ruɓa, likitoci sun fi natsuwa da jijiyar mutum ko tantanin saniya.

Wannan ya shafe mu a Sakkwato. Masu gyambon ƙafa na ciwon suga sukan isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo bayan yatsa ya yi baƙi, lokacin da maganar gyaran jijiya ta wuce, sai ta yankewa. Alhali ciwon sha-raɓa yayin tafiya da sanyin tafin ƙafa sun daɗe suna gargaɗi.

Mai ciwon suga da za a yi wa faci ya nemi gwajin da ke nuna matsayin sugansa na wata uku, ya bar taba, ya kuma tambayi likita da me za a yi facin. Komai ingancin faci, sai an daidaita suga yake kamawa.