Ɗanyen nama a kaskon kare

Wanda ya taɓa yin sammako zuwa mahauta a Dogon Dutsi, ko ya tsaya bayan rumfunan mahauta ranar kasuwa a Kore Mai Ruwa ko Matankari, ya san ba masu saye kaɗai ke jiran a gama fiɗa ba. Can gefe, inda jifa ba zai kai ba, karnuka ne a tsugune, kunnuwa a miƙe. Mahauci ya zaro hantar rago, ya shafa ta da babban yatsa, ya ji wani ƙullutu. Ya sa bakin wuƙa, ruwa garau ya tsarto. Wannan ba ta sayuwa, don haka sai ya yanke wurin ya cilla bayansa ba tare da ya waiwaya ba. Kafin yankin ya taɓa ƙasa an cafe.

Wannan cillawar ce na tuna ran da wani ɗan ƙanena ya dawo daga Yamai da ɗan kwikwiyo irin na Turawa a cikin kwali, da kuma sabon karatu a cikin wayarsa. Ya ce mini, "Baba, ai yanzu masana sun gano cewa dafaffen abinci cutar kare yake. Asalinsa kyarkeci ne, ɗanyen nama da ƙashi ya dace da shi." Ya nuna mini hotunan wasu mata a Amurka suna jera fukafukan kaji da hanta da ƙwai a faranti, kamar za a kai wa baƙo.

Karatun nan yana da asali. Wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ya yaɗa shi da littafin da ya fitar a 1993. Su can ƙasashen Turawa sun fi shekara ɗari suna ciyar da kare da abincin kamfani, tun daga biskit ɗin da James Spratt ya fara sayarwa a Landan wajejen 1860. A 2007 aka gano sinadarin melamin a cikin abincin karnuka da kyanwoyi a Amurka, dabbobi da yawa suka mutu da ciwon ƙoda, mutane suka tsorata da abin gwangwani da na buhu, wasu suka koma haɗa wa karnukansu abinci a gida. Mai yin haka a can yana gudun masana'anta ne. Mu a Arewa wace masana'anta za mu guda? Karenmu bai taɓa ganin abincin buhu ba. Ƙanzo ya sani, da ragowar tuwo, da dussa da aka dama da ruwan wankin tukunya, sai ɗan abin da ya samo da ƙafarsa.

Batun kyarkecin ma akwai gyara. A 2013 wasu masu bincike a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka kwatanta ƙwayoyin halittar kare da na kyarkeci, suka tarar kare ya ninka kakan nasa wajen abin da ke narkar da sitaci. Dubban shekarun da ya yi yana lasar tukunyar manoma sun sauya masa ciki. Makiyayan Azawak ba su jira wannan binciken ba. Siririn karen nan nasu mai dogayen ƙafafu, wanda ke cim ma barewa da gudu, da nono da hatsi suke rainonsa, nama sai in an yi farauta ko yanka.

Likitocin Amurka ma ba su yi na'am da wannan yayi na ɗanyen nama ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta auna samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobi tsakanin 2010 da 2012, ta samu ƙwayar Salmonela a 15, Listeriya a 32. Wannan fa nama ne da aka naɗe a leda, galibi a daskare tun daga kamfani. Sai a kwatanta da naman da ya wuni a kan tebur a watan Afrilu a Dutsi, zafi ya haura 40, ƙudaje na shagali, wutar lantarki kuma ba ta da alƙawari. Ko da wutar ta tsaya, ƙanƙara ba ta kashe Salmonela, kwantar da ita kawai take yi. Kare na iya cin irin wannan naman ya tashi garau, yana yawo da ƙwayar a bakinsa da kashinsa. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida shi zai kwanta da zawo.

Duk da haka ba Salmonela ce ta fi tayar mini da hankali ba. Mu koma kan ƙullutun nan na hanta. Ruwan cikinsa yana ɗauke da dubban kawunan wata ƙaramar tsila, wadda masana ke kira Ekinokokus. In kare ya haɗiye su sai su maƙale a hanjinsa su girma. Babbarsu ba ta wuce milimita 6 ba, shi ya sa mai kare ba zai gan ta ba, karen kuma ba ya nuna alamar ciwo. Bayan mako shida zuwa bakwai ya fara zubar da ƙwai a kashinsa. Ranar Arewa tana kashe ƙwan da ya faɗi a kan busasshen rairayi, amma wanda ya samu inuwa da laima, gindin randa, bakin rijiya, fangalin salak da kabeji a garka, yana iya yin watanni da ransa. Tunkiya ko akuya ko raƙumi ya kiwata a wurin, ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinsa, ya bi jini ya sauka a hanta ko huhu, ya zama sabon ƙullutu. Wata rana a yanka dabbar, mahauci ya sake cillawa.

Mutum ba ya kamuwa ta cin naman. Ta hannu yake kamuwa, hannun da ya shafa gashin kare ya kai loma baki, ko ta ɗanyen ganyen da ba a wanke ba. Jakar ruwan tana girma a hantarsa a hankali, shekara da shekaru, ba zazzaɓi ba komai, har ranar da ciki zai fara nauyi ta gefen dama, ko tari ya ƙi jin magani. A lokacin sai hoton ciki, sai shan magani na watanni, sau da yawa sai tiyata. In ta fashe a ciki tana iya kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 1 ne ke ɗauke da wannan ciwo a kowane lokaci, kuma makiyayan Turkana a arewacin Kenya, masu kwana da tashi da karnukansu, suna cikin waɗanda ya fi addaba. Tsibirin Aisland ya yi fama da shi sosai a ƙarni na 19, ya kuma rabu da shi, babban abin da suka yi shi ne hana ba kare ɗanyen kayan ciki. New Zealand ta bi wannan hanyar har ta ayyana kuɓuta a 2002.

Akwai 'yar'uwar wannan tsila da makiyayi zai fi saurin ganewa. Tunkiyar da ke karkata kai tana kewaya wuri guda har ta faɗi, sau da yawa jakar ruwa ce a ƙwaƙwalwarta. A yanka ta, a jefa wa karen garke kan ɗanye, an shuka wa garken na baɗi ke nan. Mushe kuwa kada a kusance shi, musamman dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa na fita ta hanci da dubura. Alamar ciwon saifa ce, kuma karen da ya ja ƙafarta zuwa gida ya kawo wa mutanen gidan. A kira ma'aikatan kiwo, a binne ta da zurfi.

Ranar layya ce ta fi kowace rana haɗari, don a ranar kowane gida mahauta ne kuma babu ma'aikacin da ke duba nama. An banƙare raguna a jikin itace an kewaye wuta da su, mata na suyar kayan ciki, yara na kai da kawo. Duk abin da uwar gida ta ga bai yi mata ba, huhu mai ƙuraje ko hanta mai ruwa, bayan danga ake wurga shi.

To, me za a ba kare? A nan ina tare da ɗan ƙanena a rabin maganarsa: karnukanmu suna jin yunwar nama. Dussa da ƙanzo zalla ba sa gina jiki, shi ya sa ake ƙirga haƙarƙarin yawancinsu daga nesa, kuma karya mai shayarwa ke komawa kamar tsumma. Kare mai gadin garka dare da rana, ko mai bin maharbi daji, ya cancanci fiye da haka. Tarkacen mahauta masu lafiya, tumbi, huhu, maƙogwaro, guntayen tsoka, a yanka ƙanana a tafasa su rabin awa, a zuba romon a kan tuwon. A ƙara dafaffen wake da ya nuna lugub, da ɗan nono, da ƙwai in ya samu. Kada a sa albasa ko tafarnuwa, suna lalata masa jini, yaji kuma ba nasa ba ne. Hanta kaɗan-kaɗan. Mai ƙullutu kuwa wuta ko rami mai zurfi.

Tsoka zalla ma ba gata ba ce. Ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi, kwikwiyon da aka raina da ita kaɗai ƙafafunsa lanƙwashewa suke, ƙashinsa ya riƙa karyewa da ɗan tsalle. Ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka ya yi laushi, a barbaɗa kaɗan, yana toshe wannan giɓin. Ƙashin da ya sha wuta, musamman na kaza da zabo, tsagewa yake kamar tsinke ya huda hanji. Haɗa abincin kare daidai ba wasa ba ne: a 2013 likitocin jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun duba tsarin girki 200 daga littattafai da intanet, kashi 95 cikin 100 sun gaza a wani sinadari da jiki ke buƙata. Kowane irin sauyi za a yi, a yi shi a hankali cikin mako guda ko kwana goma, ana ƙara sabon ana rage tsohon, in ba haka ba zawo ne.

Sai maganin tsila mai suna praziquantel, aƙalla sau huɗu a shekara, a ɗaure karen kwana biyu bayan ya sha, a binne kashin. In an je wajen likitan dabbobi karɓo shi, a haɗa da allurar haukan kare. Tsofaffi kan ce ɗanyen nama ke haukata kare. Haukan ta cizo ake ɗaukarsa, amma ban taɓa yi musu gardama ba, tunda tsoron ya hana gidaje da yawa cilla wa kare ɗanye.

Ɗan ƙanena bai yarda da ni duka ba. Ya ce zai ƙara bincike a wayar. Uwarsa ce ta raba gardamar: ta ce muddin jikokinta na wasa a tsakar gidan nan, ba mai ajiye mata ɗanyen tumbi a ƙasa. Ta ware wata tsohuwar tukunya mai fasasshen baki, ta ce ta kare ce, kada wanda ya haɗa ta da sauran.