Ƙugiyar da ke Kan ɓ, ɗ da ƙ: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Rubutu iri-iri ne a duniya. Sinawa suna da dubban alamomi, kowace tana wakiltar kalma ko guntun kalma mai ma'ana. Amharik na ƙasar Habasha kuwa alama ɗaya gaɓa ɗaya ce, baƙi da wasali a haɗe. Boko da muke rubuta Hausa da shi ya bi wata hanya: harafi yana tsayawa ne a madadin sauti. To, idan harshe yana da sautin da babu harafinsa fa?

Nan Turawan da suka fara rubuta Hausa da haruffan Latin suka gamu da matsala. Bahaushe yana da baƙaƙen da Turanci bai san su ba. Wajen furta ɓ da ɗ maƙogwaro yana sauka ƙasa, kamar ana haɗiyar sautin. Wajen ƙ kuwa ana tsare iska ne a sake ta da ƙarfi. Malaman Ajami sun daɗe da samo wa kansu mafita: suka ɗauki ط ya zama ɗ, ق ya zama ƙ. Masu Boko sai suka yi ta gwaje-gwaje, wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su sa masa waƙafi a gefe. A shekarun 1930 ne, lokacin da Dokta Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu ƙugiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa mutane da su.

Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Wanda ya rubuta "baki sun zo" alhali baƙi yake nufi, ya jefa mai karatu cikin zato. Babba zai gane daga sauran jimlar, amma yaron da ke koyon karatu, ko baƙon da ke koyon Hausa, da kuskuren zai tashi.

Akwai ɗan bambanci tsakanin ƙasashe biyu: a Nijar ana rubuta ƴaƴa da ƙugiya, a Nijeriya kuma 'ya'ya da waƙafi. Sautin ɗaya ne.

Boko dai yana da nasa gibin. Ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda. Ajami ya fi shi a nan, domin yana iya nuna dogon wasali da alif, wau ko ya. Tun da rubutun ya riga ya bar wa mai karatu wannan nauyi, bai kamata mu ƙara masa da yar da ƙugiya ba.

A zamanin tafireta akwai uzuri. Yanzu babu: haruffan suna cikin kwamfuta, kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Ku shiga saitin wayarku ku ƙara ta, sannan ku rubuta ɗa, ƙasa da ɓera yadda bakinku yake faɗarsu.