Daga Iyakar Jibiya: Shaihu Umar Da Iyayen Da Hanya Ta Ba Shi

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa kwana a Magamar Jibiya, inda hanyar Katsina ta miƙe zuwa Ɗan Isa da Maraɗi cikin Jamhuriyar Nijar, ya san cewa da yawa daga masu ƙetare wannan iyaka ba su da dangi a inda suka dosa. Abin da suke taƙama da shi shi ne mai masauki. Ɗan kasuwa yakan sauka a gidan da ubansa ya saba sauka, yaron mota yana kiran direbansa Baba, almajirin da aka kawo daga ƙauye kuwa yana da uwar ɗakin da take ajiye masa ɗan tuwo. Sa'ad da aka rufe iyakar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa watan Maris na 2024, matafiyin da hanya ta yanke masa irin wannan zumunci ya dogara gare shi.

Ganin haka ne ya tuna mini da wani ɗan littafi wanda galibin masu karatunmu sun karanta shi a makaranta, watau Shaihu Umar, na marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mawallafin ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin a Kwalejin Katsina ya yi karatun malanta daga 1928 zuwa 1933, kafin ya koma Bauchi ya kama koyarwa a Makarantar Midil.

A shekarar 1933 ne Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa don a yi gasa. Aikin bai zo masa da sauƙi ba, gama mutanen wancan zamani sun ɗauki alƙalami abin rubuta ilmi ne, ƙagen labari kuwa tatsuniya ce ta mata da yara. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Marubucinsa a lokacin saurayi ne mai shekara 22.

Dabarar da ya yi ta fita daban. Imam ya bi hanyar raha da al'ajabi, Bello Kagara ya haɗa yaƙi da aljannu, shi kuwa Malam Abubakar sai ya zaunar da wani babban malami a garin Rauta ta ƙasar Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari. Da wannan ya kauce wa zargin ƙarya, don kuwa magana ta fito daga bakin wanda ba a tuhumarsa. Kayan aikinsa kuma duk na gida ne: zaman fada da makircinta, da karatun zaure, da harin bayi, da fataucin hamada na ƙarshen ƙarni na 19. An haife shi a 1912, saboda haka ya tashi cikin mutanen da suka ga zamanin bauta da idanunsu. Ga alama wannan ne ya sa harshen littafin ya zama a natse, ba zuguguwa, kamar mai ba da shaida gaban alƙali.

To, sai mai karatu ya ƙidaya hannuwan da Umar ya bi. Ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani bafaden Kagara, wanda ya riƙe shi riƙon ɗa. Mahassada suka ɓata Makau wurin sarki aka kore shi. Uwar ta tafi Fatika sallamar iyayenta, kafin ta dawo an sace yaron. Kura ta cinye ɓarawon, wasu mutanen ƙauye suka tsinci yaron suka raine shi, sa'an nan mahara suka kwashe shi zuwa Kano. Can ne wani Balarabe, Abdulkarim, ya karɓe shi ya tafi da shi Ber Kufa, ya mai da shi ɗansa, ya sa shi karatu, har ya ƙoshi da ilmi a hannun Shaihu Mas'ud. Ban da mahaifiyarsa, babu ko ɗaya cikin waɗanda suka gina shi da ya haɗa jini da shi.

A nan ne nake ganin ya kamata ɗalibai su tsaya su yi nazari, maimakon haddace sunayen garuruwa don jarrabawa. Abdulkarim mutumin kirki ne ga Umar, amma sana'arsa fataucin bayi ce. Hanyar da ta kai ɗa ga gata da malanta, ita ce ta kai uwa ga halaka: ta fita nemansa, wani mai suna Ado ya yaudare ta, aka sayar da ita, ta sha wuya daga Murzuk har Tarabulus. Da suka sadu daga baya, ba ta daɗe ba ta cika. Marubucin bai tsine wa Abdulkarim ba, bai kuma wanke shi ba. Ya ajiye alherinsa da sana'arsa gefe da gefe, ya bar mai karatu da nauyin. Wasu na ganin wannan sanyin hali ne ya yi yawa, kuma ni ma akwai wuraren da na so a ce Umar ya ɗaga murya. Amma wanda ya san yadda ɗan riƙo yake ji game da gidan da ya ci tuwonsa, zai gane abin da ya ɗaure masa harshe.

Malam Abubakar bai sake rubuta wani ƙagaggen labari ba. Siyasa ta ɗauke shi, ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a watan Janairu na 1966. Littafin ne ya ci gaba da tafiya: Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. An gyara wannan fim aka sake nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin ta ƙasar Jamus a 2018.