Yadda Kuɗin Tallafi Ke Isa Gonakin Karkarar Amurka

A yawancin gundumomin karkara na Amurka akwai ofishin Ma'aikatar Noma ta tarayya. Gunduma a can kusan daidai take da ƙaramar hukuma. Kowace shekara manomi yakan je wannan ofis ya bayyana abin da ya shuka da yawan ekar da ya noma, kuma ta nan ne kuɗin tallafi ke biyowa zuwa asusunsa na banki.

Abin ya samo asali ne a 1933, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta riƙa biyan manoma don su rage noma, har aka bi da garma kan kimanin eka miliyan 10 na audugar da ta riga ta tsiro, domin farashi ya farfaɗo. Tun daga nan Majalisa ke sabunta dokar noma lokaci zuwa lokaci.

Dokar 2014 ta ba mai noman masara, alkama, waken soya, shinkafa ko gyaɗa zaɓi biyu. Na farko, a biya shi idan farashin kasuwa ya sauka ƙasa da wanda doka ta yanka. Na biyu kuwa da gundumarsa ake lissafi. Akan ɗauko amfanin da eka ɗaya ta bayar a gundumar cikin shekara biyar, a cire shekarar da ta fi albarka da wadda ta fi muni, a fitar da matsakaici, haka ma farashi. Dokar ta 2014 ta tanadi cewa idan abin da aka samu a shekara ya gaza kashi 86 cikin 100 na wannan ma'auni, gwamnati ta cike wani ɓangare na giɓin. Saboda haka ƙanƙara na iya lalata gonar mutum ɗaya bai samu ko sisi ba, don sauran gundumar ta yi yabanya. Maƙwabcinsa na tsallaken iyaka kuma ya karɓi kuɗi alhali rumbunsa cike yake.

Ban da wannan, gwamnati na biyan fiye da kashi 60 cikin 100 na kuɗin inshorar amfanin gona. Tun 1985 kuma tana hayar gonakin da zaizaya ke ci, a bar su da ciyawa shekara 10 zuwa 15.

Tunda da eka ake auna kuɗin, mai babbar gona shi ke kwasar kaso mai tsoka. Ƙungiyar EWG, mai wallafa sunayen masu karɓa gunduma-gunduma, ta nuna cewa tun daga 1995 kashi 10 cikin 100 na masu karɓa sun kwashi fiye da kashi 75 na tallafin manyan amfanin gona. Dokar 2018 ta ƙayyade dala 125,000 ga mutum ɗaya, amma gonar haɗin gwiwa na iya sa sunayen 'yan'uwa da dama, kowa da rabonsa. Masu ba da hayar gona su ma sukan ƙara kuɗin haya, don sun san tallafi na tafe.

Tasirin ya kai har Afirka. A 2003 Chadi da Mali da Benin da Burkina Faso suka kai kuka Ƙungiyar Ciniki ta Duniya cewa tallafin audugar Amurka na karya farashin da manomansu ke samu.

Duk inda aka ce gwamnati ta ware wa manoma kuɗi, a tambayi ma'aunin da za a yi rabo da shi kafin a tambayi yawansu. In da faɗin gona za a auna, ƙaramin manomi ne zai tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.