Haɗa Kwamfutar Gem da Ƙaramin Aljihu

Yau hirarmu kan haɗa kwamfutar buga gem ce, ga wanda kuɗinsa ba su da yawa.

Kaso mafi tsoka ka zuba a GPU, don shi ke ɗaukar nauyin hoton gem. RX 6600 ya ishe ka a 1080p. Ka haɗa shi da Ryzen 5 5600 a kan allon B550. RAM kuwa, 8GB guda biyu sun fi 16GB guda ɗaya sauri, saboda hanya biyu suke bi.

Amma kar ka yi rowa wajen PSU, mai raba wa sauran kayan wuta. Da irin wutar NEPA ɗinmu, mai araha zai iya ƙona maka komai lokaci guda. Nemi 550W na kamfani sananne, ka ƙara da sitabilaiza.

Fitilun ado kuwa, su jira tukuna. Sai mun haɗu a shiri na gaba.